Jagorar Haɗa Suna da Sifa da Harafin Dangantaka a Turanci

Yankin jimla rukuni ne na kalmomi da ke aiki tare a matsayin gaɓa guda a cikin jimla, ba tare da sun kai ga zama cikakkiyar magana ba, kuma kaso mai yawa na irin waɗannan yankuna a harshen Turanci da azuzuwan kalmomi uku ake gina su. Na farko shi ne suna, wato kalmar da ke ambaton mutum ko abu ko wuri ko wata ma'ana da ido ba ya gani. Na biyu sifa, wadda ke bayyana kama ko hali ko girman abin da aka ambata. Na uku kuwa harafin dangantaka, wanda masana nahawun Turanci ke kira *preposition*, wato ƙananan kalmomi irin su *in*, *on*, *at*, *of*, *for*, *to*, *with*, *from*, *by* da *about*, waɗanda aikinsu shi ne ɗaure suna da wata kalma ta cikin jimla. Yawan haruffan nan bai taka kara ya karya ba idan an gwada da dubban sunaye da sifofin harshen, amma a kansu ne ɗalibin da ya riga ya iya karatu da rubutu ya fi yin tuntuɓe, ko a jarrabawar WAEC da NECO, ko a takardar neman aiki, ko a kundin digiri.

Ga mai jin Hausa, tushen wahalar a fili yake. Harafin *a* shi kaɗai yana ɗaukar nauyin da Turanci ya raba wa haruffa uku, domin "a Kano" shi ne *in Kano*, "a makaranta" *at school*, "a ranar Litinin" kuma *on Monday*. Harafin *da* ya fi haka yawo: "da wuƙa" yana komawa *with a knife*, "da dare" *at night*, "da safe" *in the morning*, "da gangan" kuma *on purpose*. Duk wanda ya ɗauki fassarar harafi da harafi a matsayin hanya zai dace a wasu wurare bisa sa'a, ya kuskure a wurare masu yawa, kuma ba zai san dalilin dacewar ko na kuskuren ba.

Gano kalmar da ta kira harafin

Matakin farko, wanda sauran matakai suka dogara a kansa, shi ne duk inda mai koyo ya ci karo da harafin dangantaka ya tambayi kansa abin da ya kawo wannan harafin ba wani ba, kuma amsar ba ta wuce uku. Wani lokaci ma'ana ce kawai ta zaɓe shi, kamar a *the book on the table*, inda za a iya cire *on* a sa *under* ko *near* ko *beside*, maganar ta ci gaba da zama daidai, wurin da littafin yake ne kaɗai ya sauya. Irin wannan hankali yana kama shi, fassara ma tana aiki a kansa gwargwado. Wani lokaci kalmar da ta gabace shi ce ta kira shi, kamar a *afraid of snakes*, inda *of* ba ya ɗauke da wata ma'ana tasa ta kansa, sifar ce kawai ba ta karɓar wani harafi idan ana nufin abin da ake tsoro. Wani lokaci kuma sunan da ke bin bayansa ne ya ɗaure shi, kamar a *by mistake* da *on purpose*, yankuna biyu masu kishiyantar juna a ma'ana, waɗanda babu wata ƙa'ida da za ta bayyana abin da ya sa ɗaya ya ɗauki *by* ɗaya ya ɗauki *on*. Hanyar rarrabewa ita ce musanya: idan an sauya harafin maganar ta tsaya da wata ma'ana, zaɓi ne na ma'ana, idan ta rushe, harafin ɗaurarre ne, kuma dole a haddace shi tare da kalmar da ta kira shi, kamar yadda ake sayen tukunya da murfinta.

Wannan hali yana da asali a tarihin harshen. Tsohon Turanci, wanda aka yi magana da shi a Ingila kafin mamayar Normandawa ta shekarar 1066, yana nuna matsayin suna a jimla ta hanyar ɗafe-ɗafen da ake liƙa wa ƙarshen kalma, kuma da waɗannan ɗafe-ɗafe suka zaizaye sai jerin kalmomi da haruffan dangantaka suka gaji aikinsu, a daidai zamanin da dubban kalmomin Faransanci da Latin ke kwararowa cikin harshen, kowace ta zauna da harafin da al'ada ta ba ta. Malaman da suka fara ɗaukar matsalar da muhimmanci su ne masu koyar da baƙin harshe. Harold Palmer ya fitar da rahoto kan kalmomin Turanci masu tafiya tare a Tokyo a 1933, abokin aikinsa A. S. Hornby kuma ya jagoranci ƙamus ɗin da aka buga a Japan a 1942, wanda kamfanin ɗab'i na Jami'ar Oxford ya sake fitarwa a 1948, shi ne kuma ya zama *Oxford Advanced Learner's Dictionary* da ɗalibai suka sani a yau.

Mazaunin sifa kusa da suna

A Hausa sifa tana iya gabatar suna tare da harafin nasaba, a ce "farin doki", ko ta biyo baya, a ce "doki fari", kuma tana sauya kama bisa jinsi da adadi: fari, fara, farare. Sifar Turanci ba ta sauyawa bisa jinsi ko adadi, *white horse* da *white horses* duk *white* ɗin ɗaya ne, kuma mazauninta na asali shi ne tsakanin mafayyaci, wato *a* ko *an* ko *the*, da sunan da take bayyanawa. Idan sifofi suka taru, jerin da aka saba shi ne a fara da ta ra'ayi, sai ta girma, sai ta shekaru, sai ta siga, sai ta launi, sai ta asali, sai ta abin da aka yi kayan da shi, sannan ta amfani, kamar a *a beautiful small old brown leather bag*, kodayake marubucin kirki da wuya ya jera fiye da biyu ko uku.

Abin da ya fi wannan jeri muhimmanci shi ne wuraren da sifa ke komawa bayan suna. Tana komawa baya bayan kalmomi irin su *something* da *anyone*, a ce *something new*. Tana komawa baya a wasu laƙabobin muƙami, irin su *attorney general* da *president-elect*. Sannan, kuma nan ne batun ya haɗu da harafin dangantaka, tana komawa baya duk lokacin da ta jawo harafi da suna a bayanta. Ana cewa *a proud father*, amma da zarar an ambaci abin alfaharin sai a ce *a father proud of his daughter*, ba a cusa dukan yankin a gaban sunan. Akwai sifofin da ba sa zama a gaban suna, galibi masu farawa da *a-*, irin su *asleep*, *alive*, *alone* da *afraid*, shi ya sa ake cewa *the child is asleep* amma *a sleeping child*. Akwai kuma waɗanda ba sa zama ko'ina sai a gaban suna, irin su *main*, *former* da *mere*. Wasu 'yan kaɗan ma'anarsu ce ke sauyawa da sauyin wuri, domin *the present members* su ne mambobin yanzu, alhali *the members present* su ne waɗanda suka halarci taron, kuma mai rubuta rahoton taro da bai san wannan bambanci ba zai iya rubuta abin da bai faru ba.

Sifa da harafinta

Haddar sifofi ɗaya bayan ɗaya aiki ne mai gajiyarwa, saboda haka ya fi dacewa a tara su rukuni-rukuni bisa kusancin ma'ana, domin a nan akwai ɗan tsari da ke rage wahala. Sifofin tsoro da sani da alfahari sun fi karkata ga *of*: *afraid of*, *scared of*, *aware of*, *conscious of*, *proud of*, *ashamed of*, *jealous of*. Na ƙwarewa da rashinta suna ɗaukar *at*: *good at*, *bad at*, *clever at*. Na kusanci da kamanci da biyayya suna ɗaukar *to*: *similar to*, *close to*, *equal to*, *loyal to*, *married to*, kuma wannan na ƙarshe shi ne wanda aka fi ɓatawa da *with*, saboda Hausa tana cewa "ta yi aure da wane". Na rabuwa da nisa suna ɗaukar *from*: *absent from*, *separate from*, *exempt from*. Na damuwa da zumuɗi suna ɗaukar *about*: *worried about*, *excited about*, *serious about*. A kalmomin da suka fito daga Latin wani lokaci ɗafin farkon kalma yana nuna hanya, tunda *com-* ko *con-* asalinsa "tare da" ne, sai ga *compatible with* da *consistent with*, *in-* kuma ya ba da *inherent in* da *involved in*. Wannan alama ce mai taimako, amma ba doka ba ce, kuma *dependent on* da kishiyarsa *independent of* sun isa gargaɗi ga mai son ya mayar da ita doka.

Sifofin da suka fi buƙatar natsuwa su ne masu karɓar harafi fiye da ɗaya, kowanne da ma'anarsa. Kalmar *good* ita kaɗai tana ba da huɗu: *good at mathematics* ƙwarewa ce, *good for children* amfani ne, *good to her neighbours* kyautatawa ce, *good with animals* kuwa iya tafiyar da abu ne. Haka *responsible for the budget* yana nuna aikin da ke wuyan mutum, *responsible to the director* kuma yana nuna wanda yake ba wa bahasi. *Tired of waiting* ƙosawa ce, *tired from walking* gajiyar jiki. *Familiar with the town* mutum ne ya san garin, *familiar to everyone* kuwa kowa ne ya san abin. A sifofin fushi da jin daɗi tsarin da ya fi yawa shi ne *with* ga mutum, *about* ko *at* ga al'amari, ta yadda jimla ɗaya za ta iya ɗaukar biyun, a ce *angry with the driver about the delay*. Ya kamata kuma a san cewa wasu sifofi ba sa tsayuwa ba tare da harafinsu ba, irin su *devoid of*, *tantamount to* da *averse to*, waɗanda idan an yanke musu harafin ba su da sauran amfani a jimla.

Suna da harafinsa

Sunaye ma suna kiran haruffansu, musamman sunayen ma'ana da suka cika rubutun ilimi da na ofis. Ana cewa *reason for* amma *cause of*, duk da kusancin ma'anarsu. Ana cewa *solution to*, *answer to*, *key to* da *damage to*, inda mai jin Hausa, wanda harafin nasaba ya saba masa da "maganin matsala" da "amsar tambaya", yake saurin sa *of*. Ana cewa *effect on*, *influence on* da *impact on*. Ana cewa *need for* da *demand for*. Sunayen hawa da sauka suna raba aiki tsakanin haruffa biyu, *in* ga abin da ya sauya, *of* ga gwargwadon sauyin, kamar a *an increase of ten per cent in the price of rice*, kuma duk mai rubuta rahoton kasuwa ko na bincike ya kamata wannan tsari ya zauna masa daram.

Dabara mai amfani a nan ita ce a koyi kalma tare da danginta, wato aikatau da sifa da suna da suka fito daga saiwa ɗaya, a duba ko harafinsu ya zo ɗaya. Sau da yawa yakan zo: *depend on*, *dependent on*, *dependence on*; *interested in*, *interest in*; *object to*, *objection to*. Sai dai akwai dangin da suka rabu, kuma su ne suka cancanci shafi na musamman a littafin ɗalibi: *proud of* amma *pride in*, *fond of* amma *fondness for*, *confident of* amma *confidence in*, *sympathise with* amma *sympathy for*.

Daga wannan nazari na dangi ne ake gane asalin wani kuskure da ya yaɗu a Turancin da ake rubutawa a Nijeriya, wanda David Jowitt ya yi nazarin sigoginsa a littafinsa *Nigerian English Usage* na 1991. Akwai aikatau masu yawa da ke kama karɓau, wato abin da aikin ya faɗa wa, kai tsaye ba tare da harafi ba, alhali sunan da aka samo daga gare su ba ya iya kama komai sai da harafi, domin suna a Turanci ba ya ɗaukar karɓau. Saboda haka ana cewa *they discussed the matter* amma *a discussion about the matter*. *She requested a loan* amma *a request for a loan*. *He emphasised discipline* amma *an emphasis on discipline*. *They lack water* amma *a lack of water*. *He resembles his father* amma *a resemblance to his father*. Wanda ya rubuta *discuss about* ko *emphasise on* ko ya sa *for* bayan aikatau *request* ya ɗauko harafin sunan ne ya liƙa wa aikatau, kuma malamin da ya nuna wa ɗalibi wannan asali ya yi masa aikin da jan layi da jan biro ba zai yi ba, tunda ɗalibin zai iya gyara goma da bayani ɗaya.

Harafi a gaban suna

A wajen lokaci tsarin yana da sauƙin kamawa: *at* ga ƙayyadadden lokaci, *on* ga rana da kwanan wata, *in* ga wata da shekara, kamar a *at five o'clock*, *on 1 October* da *in 1960*. A sassan yini ana cewa *in the morning*, amma da an ambaci ranar sai ya koma *on Monday morning*. Sauran ɗaurarrun yankuna kuwa, irin su *in danger*, *at risk*, *on fire*, *under pressure*, *out of order* da *by heart*, abin lura a tare da su shi ne rashin mafayyaci, kuma shigar mafayyaci ko fitarsa tana iya juya ma'ana. Wanda yake *in prison* ɗaurarre ne, wanda yake *in the prison* yana iya zama mai ziyara ko ma'aikaci. Ana cewa *by car* ba tare da mafayyaci ba idan hanyar tafiya ake nufi, amma da an fayyace motar sai harafin ma ya sauya, a ce *in my car* ko *on the bus*. Akwai kuma tagwayen da ake rikitawa, *on time* ga cika lokacin da aka tsayar da *in time* ga isa kafin abu ya wuce, *at the end* ga ƙarshen wani abu da za a ambata da *in the end* ga ma'anar "daga ƙarshe". Idan sifa ta shiga tsakanin harafin da sunan, kamar a *at short notice*, *in good faith*, *on a large scale* da *in the long run*, dukan yankin ne ake riƙewa yadda yake, har da mafayyacinsa ko rashinsa.

Mataki na gaba shi ne yankin da harafi biyu suka sa suna a tsakiya, su ukun suna aiki tamkar harafi ɗaya: *in spite of*, *on behalf of*, *by means of*, *in accordance with*, *in addition to*, *with regard to*. Wannan gini ba baƙo ba ne ga mai jin Hausa, domin "a gaban", "a cikin" da "a madadin" duk sunaye ne da suka zama haruffan dangantaka. Kuskure biyu ne suka fi faruwa a nan: sa *of* bayan *despite* saboda kamancinsa da *in spite of*, da kuma ruɗa *in charge of* da *in the charge of*, alhali na farko shi ne mai riƙe da ragama, na biyu kuwa wanda aka damƙa a hannun wani.

Abin da ke biyo bayan harafi

Harafin dangantaka suna yake nema a bayansa, ko abin da ke tsayawa a gurbin suna. Idan wakilin suna ne, sigar karɓau ake sawa, a ce *between you and me*. Idan aikatau ne, sai an mayar da shi sigar *-ing*, a ce *good at drawing*, *capable of winning*, *tired of waiting*. Wurin da ya fi ruɗarwa shi ne kalmar *to*, domin tana da fuska biyu: a *able to swim* da *ready to go* alama ce ta aikatau tsura, amma a *accustomed to*, *committed to*, *opposed to* da *objection to* harafin dangantaka ce, saboda haka sai *committed to paying*. Gwajin shi ne a sa suna bayan *to*. Idan maganar ta zauna, kamar *committed to peace*, harafin dangantaka ne, kuma aikatau da zai biyo shi zai ɗauki *-ing*. A gaban gangar jimla da ta fara da *that* kuwa harafin faɗuwa yake yi gaba ɗaya, *aware of the danger* ya koma *aware that there is danger*, sai dai in an sako *the fact* a tsakani.

Hanyar aiki ta yau da kullum

Littafin da ɗalibi ke tara kalmomi a ciki ya kamata ya sauya tsari: maimakon kalma da fassararta, a rubuta kalmar da harafinta da irin abin da ke biyo baya, mutum ne ko abu ko aikatau mai *-ing*, sannan cikakkiyar jimla guda da aka ɗauko daga ingantaccen rubutu, sai wata da ɗalibin ya ƙirƙira da kansa a kan al'amuran rayuwarsa. Ƙamusoshin masu koyo suna nuna waɗannan tsare-tsare da taƙaitattun alamomi, *sb* ga mutum da *sth* ga abu, kuma abin takaici ne yadda ɗalibai da yawa ke karanta ma'anar su rufe littafin ba tare da sun kalli wannan layi ba, alhali shi ne rabin amfanin ƙamus ɗin. Akwai kuma ƙamusoshin da aka keɓe wa wannan fanni, irin su *The BBI Combinatory Dictionary of English* na Morton Benson da Evelyn Benson da Robert Ilson, wanda ya fito a 1986, da *Oxford Collocations Dictionary* na 2002. Mai hanyar shiga intanet yana iya bincika taskar rubuce-rubuce irin su *British National Corpus*, mai kalmomi kimanin miliyan 100, ya nemi sifa ɗaya ya ga layuka masu yawa da ta fito a ciki, ya ƙirga da idonsa harafin da ya fi bin ta.

A irin wannan bincike ne zai tarar cewa masu harshen kansu ba su haɗu a kan komai ba. Mutanen Birtaniya suna cewa *at the weekend* da *in hospital*, Amurkawa kuma *on the weekend* da *in the hospital*. *Different from* karɓaɓɓe ne a ko'ina, *different to* ya fi yawa a Birtaniya, *different than* kuma a Amurka. Tunda makarantun Nijeriya da Ghana a kan tsarin Birtaniya suka ginu, ɗalibin da ke shirin jarrabawa ya fi samun kwanciyar hankali idan ya riƙe sigar Birtaniya, ko wadda ɓangarorin biyu suka yarda da ita, ya kuma tsaya a kan zaɓi ɗaya daga farkon takardarsa har ƙarshenta.